Motar da Aka Yi wa Yaɓe

Har gobe in na ji an ce za a yi wa wani gayya, sai gabana ya faɗi. Na san mutane na yabonta, wai ita ce zumuncin da ya rage mana, dangi su taru su yi maka aiki ba ka biya kowa ba. To, su yi ta yabo. Ni gayya ce ta cinye mini gida da rana tsaka, kuma ni na ɗebo wa masu aikin ruwa, ni na tuƙa musu tuwo.

Maigidana direba ne. Tun kafin a kai ni ɗakinsa yake jan doguwar motar wani Alhaji, irin wadda muke ce wa kar, yana kai ƴan kasuwa ƙauyuka. Ranar kasuwar Barmu a yi Barmu, wata rana a yi Tebaram, a dawo da awaki ɗaure a sama, buhunan gero da wake a baya, mutane cunkushe har bakin ƙofa. Shi yana kan hanya, ni ina gidan haya da yara.

Wanda bai yi zaman haya a Tawa ba, kada ya ce mini ya san wulaƙanci. Wani mai gida ya tashe mu don ɗansa zai yi aure. Wani ya tashe mu don yarana sun zana masa bango da gawayi, sai ka ce bangon na zinariya ne. Na ƙarshe ko dalili bai kawo ba, ma'aikacin gwamnati ya samu mai albashi, shi ke nan ya aiko a ce mana mu nemi wuri. Kuma ba tashin ne ya fi ci mini rai ba, ɗaukar kayan ne. A kira amalanken jaki, a ɗora turmi da taɓarya, a ɗora katifar da kike ɓoye yagewarta da zanen gado, a ɗora tukwanen da gindinsu ya yi baƙi, matan unguwa na leƙe ta bayan asabari suna ƙirga miki tsiyarki. Ranar tashinmu na ƙarshe ina biye da amalanke da goyo a baya, na ce wa kaina, wallahi in Allah ya yarda ba wanda zai sake kallon katifata a titi.

Ana nan sai injin motar ya buga a hanyar dawowa daga Tebaram. Aka jawo ta garaji, bakanike ya duba ya ce gyaranta ɓarnar dukiya ne. Alhaji ya sayi sabuwa ya ba ƙanen matarsa, ya kira maigidana ya ce ga tsohuwar nan, ya riƙe ta a matsayin sallama. Da ya zo ya gaya mini, na ajiye ludayin da ke hannuna na ce, "Malam, ƙuruciyarka duk ka ƙarar da ita a kan kujerar nan, sallamarka gwangwani? Kuma ka ce masa ka gode?"

Ya bari na gama faɗana, don ya san ni. Sannan ya ce, "Ke ba gwangwani nake gani ba, ɗaki nake gani. Ta fi wannan da muke ciki tsawo. Kuma ɗaki ne mai ƙafa. Ranar da aka ce mu tashi, ba amalanke za a kira ba, ɗaurawa za a yi a ja mu da gidanmu gaba ɗaya, kina zaune a ciki in kin so."

Na yi dariya, na ce zafin hanya ya taɓa masa kai. Amma maganar ta zauna mini.

Saura wurin ajiye ta. Maigidana yana da wa a Abijan, kamar yadda kusan kowane gida a yankinmu na Adar yake da wani a can. Yaya muke ce masa. Yana da fili a bakin gari, wajen da gidaje suka fara ƙarewa, ba komai a ciki sai duwatsun iyaka da tumfafiya. Aka kira shi a waya, ina zaune ina ji. Ya ce, "Haba, wanga har sai an tambaya? Ku tahi ku zamna, ai gidanku ne." Da aka kashe wayar na ce, "Malam, ka sake kiransa ka tambaye shi har zuwa yaushe." Ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarsa. Ya ce da wane baki zai tambayi wansa irin wannan? Ya ce in kwantar da hankalina, amsar tambayata tana ƙarƙashin motar, tayoyin nan su ne amsa.

Haka aka jawo ta zuwa filin, yaran unguwa na bin ta da ihu. Ba mu da abin sayen komai, don haka motar ce ta gina kanta. Injin da ya buga aka kwance aka kai wa ƴan garaji su ciri abin da zai yi musu amfani, da shi aka samo zana da itatuwan rumfa da ragar sauro. Kujerun aka cire, masu shayi na tasha suka kwashe mafi yawa, muka bar dogaye biyu muka haɗa su suka zama gadon yara. Ƙasan motar ya huje a wurare, Malam ya roƙo katakon tsofaffin akwatuna a wata mangaza, wato sito, ya daɓe. Tagogin da gilashinsu ya fashe ya sa musu raga, ni kuma na yanka tsofaffin zannuwana na yi labule. Muka raba cikin gida biyu da zana, gaba namu, baya na yara. Marikin kaya na sama muka bar shi, a nan nake shanya kuɓewa da tattasai inda awaki ba sa kaiwa. Madafa a waje, makewayi a kusurwar fili. Sitiyari bai yarda an cire ba, ni kuwa na mayar da shi wurin rataye mayafi.

Abu ɗaya ne ya hana a taɓa ko da wasa. Masu yin amalanke sun yi ta zarya suna son ƙafafun, masu yanka takalmin taya ma sun zo, ya ce ba na sayarwa ba ne, ko da ranar ba mu ɗora tukunya ba. Ya aro jak ya ɗaga motar, ya jera manyan duwatsu a ƙarƙashin shasi, wato ƙashin bayan motar, har tayoyin suka bar ƙasa. Ya lulluɓe su da tsofaffin buhuna don kada rana ta tsattsaga su. Kowace Juma'a da safe, kafin ya yi wankan masallaci, sai ya ɗauko gwangwanin giris ya shiga ƙarƙashi, ya shafa inda ake shafawa, ya juya kowace taya da hannu yana saurare. In ya fito sai ya ce mini, "Lafiyarta lau." Ni kuma in ce, "Allah ya sa ta fi ka hankali." Mu yi dariya.

Zafi kam mun sha shi. Bazarar Tawa a cikin ƙarfe ba abin wasa ba ce. Da hantsi ba ka iya dafa jikin motar, man shanu kuwa ko a ina na ɓoye shi sai na tarar ya zama ruwa. Muka yi mata rumfar zana a sama da gefen da rana ke bugawa, ya rage amma bai tafi ba. Sai muka gano cewa ƙarƙashinta ya fi ko'ina daɗi, tun da a ɗage take, iska na ratsawa. Nan nake shimfiɗa tabarma da azahar, ni da yara, muna kallon ƙafafun masu wucewa. Na dasa bedi, wato darbejiya, a gefen ƙofa, ina ba shi ruwan wanke-wanke. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin zaman nan fiye da duk ɗakin da na taɓa shiga. Makulli a bakin zanena yake. Yara su zana abin da suka ga dama a jikin bango, ba mai aiko mini da saƙo.

Ashe zaman namu yana ci wa wasu tuwo a ƙwarya. Motar nan kowa a ƙasar Barmu ya san ta, ba wanda bai taɓa hawanta ba. Masu zuwa kasuwar dabbobi suka gan ta da labule da igiyar shanya, suka kai labari ƙauyen su Malam cewa ɗan gidan wane yana kwana cikin mota da iyalinsa kamar mahaukaci. Wani ɗan banza ma ya ɗauki hoto da waya ya tura, har ya kai Abijan. Abokan Yaya suka riƙa zolayarsa, wai shi da ke sa manyan riguna ƙanensa na zaune a gwangwani. Yaya ya kira ƙauye ya yi faɗa.

Bayan an gama girbi, wata safiya ina shara, sai ga ƙanen mahaifinsu Malam, wanda duk muke ce wa Baba, shi ne babba a gidan tun rasuwar surukina. Bai zo shi kaɗai ba. Maza ne bayansa da yawa, ƴan'uwa da maƙwabtan ƙauye, da shebur da diga da kwanduna. Ba wanda ya aiko mana cewa suna tafe. Na durƙusa na gaishe shi, na koma bayan zana kamar yadda ake yi wa suruki. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da sandarsa, sannan ya ce wa Malam, "Mi wanga? Mu ba mu mutu ba, a ce ɗanmu shina kwana cikin ƙarhe? Ana ta yi muna dariya har a masallaci. Yau za mu mai da ita ɗaki irin na mutane."

Na gane abin da suke nufi da na ga sun fara haƙa ramin kwaɓa ƙasa a ƙarshen filin, wasu na jido duwatsu. Na yafito Malam bayan madafa. Na ce, "Ka je ka gaya musu su yi duk abin da za su yi, amma su bar ƙasan a buɗe. Kai ka ce mini tayoyin ne amsa." Ya ce to. Ya tafi, ya tsuguna gaban Baba, ya sunkuyar da kai. Ina jin sa ya ce, "Baba, da dai an bar wajen tayoyin..." Baba ya katse shi. "Ɗaki da ƙahwa? Ina ka taɓa ganin haka? Ai su ne abin kunyar." Mazan suka kwashe da dariya. Malam ya ɗan yi murmushi shi ma, irin na wanda aka mara a gaban jama'a, ya tashi ya karɓi shebur.

Ni ba ni da izinin yi wa suruki magana gaba da gaba. Sai na ɗaga murya daga bayan zana, kamar da tukunya nake, na ce, "Laka dai ba ta shiri da ƙarfe, damina ɗaya ta isa." Duk sun ji. Sai Baba ya ce wa Malam, "Ka ce ma iyalinka a kawo ruwa, ƙasa na bushewa." Wannan ce amsar da na samu. Yinin ranar da washegari ina zarya tsakanin famfo da ramin kwaɓa da bido, wato jarka, a kai, ina kawo ruwan da za a binne mini tayoyi da shi. Da yamma na tuƙa tuwo babbar tukunya, don ba a barin ƴan gayya da yunwa, kuma suka yaba miyar.

Aikin kuwa sun iya shi, ba na zaluntar su. Suka jera duwatsu kewaye da motar, suka ta da bango manne da jikinta tun daga ƙasa har gindin tagogi, suka cike tsakani da ƙasa suka daddanne. Tayoyi da buhunansu, da duwatsun Malam, da inuwar da muke hutawa, duk suka shige ciki. Daga tagogi zuwa sama suka ɗaura raga suka yaɓe da laka mai haɗe da ciyawa da kashin shanu. Rufin suka shimfiɗa masa kara suka zuba ƙasa, har da indararo. Fitilun gaba ma sai da suka toshe su, wai kada a gane. Da suka gama, in ba ƙofar ba, ba abin da zai nuna maka mota ce. Baba ya tsaya ya duba, ya ce, "Yawwa, yanzu kun zama mutane." Ya yi addu'a, aka shafa, Malam ya raka su tasha yana ta godiya.

Juma'ar da ta biyo, na gan shi ya fito da gwangwanin giris a hannu kamar yadda ya saba. Ya zo gefen motar ya tsaya yana kallon bango. Ya daɗe a tsaye. Sai ya koma ya tura gwangwanin ƙarƙashin gado, ya ɗebi ruwan wanka.

Abin haushin, ɗakin ya yi sanyi. Ya yi sanyi sosai. Bazara ta zo muka yi barcin rana a ciki, abin da ba mu taɓa yi ba. Maƙwabta da ke cewa "masu mota" suka koma cewa "gidan direba". Matan da ba su taɓa shigo mini ba suka fara zuwa aron rariya. Har ni ma na fara sakin jiki, na riƙa yi wa bangon sabon shafe da hannuna in ruwa ya zaizaye shi. A nan na haifi autata. Bedin nan ya girma ya wuce rufin.

Amma kowace damina akwai warin da ke tasowa daga ƙasa, warin danshi da tsatsa. In ruwa ya yi yawa sai ka ga jan ruwa na tsattsafowa ta gefen katako. Daga baya wajen gadon yara ya fara lotsawa in an taka. Malam ya fi ni sanin abin da hakan ke nufi, mutumin da ya tsufa cikin mota. Nakan ce, "Ka fasa ɗan wuri ta baya ka leƙa mana, ko iska ta shiga." Sai ya ce, "In Baba ya zo ya ga an fasa aikinsa fa? Ko wani ya kai masa labari?" Haka muka yi ta zama a kan abin da muka san yana ruɓewa, don kada ran tsoho ya ɓaci.

Sai ga Yaya ya dawo ganin gida. Ya yi ƙiba, ya sha shadda, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Na yanka masa zabuwa. Ya ci ya ƙoshi, ya wanke hannu, ya tashi yana auna filin da ido. Sannan ya ce wa Malam ya yanke shawarar yin gini, bene da shaguna a ƙasa, kuma yana so a zuba harsashi kafin ruwa ya sauka. Malam ya ce, "Allah ya sa alheri, Yaya. To, gidan fa?"

Yaya ya waiga ya dubi ɗakinmu, ya ce, "Wane gida? Ai mota ce. Ku ja abarku."

Na manta da kunya, na manta da komai, na fito daga madafa na ce, "Yaya, mota ce yau? Ba kai ka kira ƙauye ka ce kada a bar ta tana kama da mota ba?" Ya dubi ƙanensa, ba ni ba, ya ce, "Haka ka bar ta tana magana?" Malam ya ce in shiga ciki. Na ce ba inda za ni sai an kira Baba, shi da ya mai da ita ɗaki ya zo ya faɗa da bakinsa mece ce. Aka kira shi a waya, aka buɗe murya kowa na ji. Baba ya saurara, ya yi gyaran murya ya ce, "To, hili dai na mai shi ne. Ku kau Allah ya taimake ku, tun da abin naku mai taya ne, ba shi da wuyar ɗauka. Ku yi haƙuri da juna, ku ƴan'uwa ne."

Mai taya ne. Shi da bakinsa.

Duk da haka ba mu yanke ƙauna ba. Wani abokin Malam na tasha yana da ɗan fili a ɗaya gefen gari, ya ce mu kawo ta mu ajiye. Ke nan in ƙafafun nan suka juya, gidanmu na nan, sai dai a canza masa wuri, kamar yadda aka yi mini alkawari tun farko. Malam ya aika ƙauye ko za a zo a taya shi fasa bangon. Aka ce ana sharar gona, ba mai sarari. Gayyar ginawa ta samu mutane, ta fasawa kuwa daga ni sai shi.

Muka kwashe kaya muka tara ƙarƙashin bedi, muka kama aiki da diga. Ƙasar ta yi tauri kamar dutse daga waje, amma muna shiga ciki sai muka tarar da ita jiƙe, baƙa, ga wari. Buhunan da ya lulluɓe tayoyi da su sun zama ƙasa. Tayoyin sun sace sun tsattsage. Janti, ƙarfen da taya ke zama a kai, yana ɓarewa ɓawo-ɓawo kamar ƙanzon tuwo. Duwatsun da ya jera sun nutse, motar ta zauna da cikinta a laka. Malam ya kwanta ya miƙa hannu ya taɓa shasi, sai na ga yatsansa ya shige ciki. Ya zaro hannun ya goge a wando. Ya ce, "Wataƙila gaba bai kai haka ba."

Bai haƙura ba. Ya aro tayoyi a garaji, amma duk notin da ya sa wa sifana sai ya karye ya biyo hannunsa. Daga ƙarshe ya ce a ja ta haka nan a hankali, ko a kan cikinta ne, in ta fito fili a san yadda za a yi a ɗora ta. Ya roƙi wani direban motar yashi, aka ɗaura sarƙa a gaba. Unguwa ta taru. Ni ina tsaye da auta a hannu, ina karanta duk addu'ar da na sani.

Direban ya taka a hankali. Sarƙa ta miƙe. Motar ta girgiza, ƙasar rufi ta zubo, ta ɗan motsa, har wasu suka fara cewa ta taso. Sai muka ji wata ƙara, ba mai ƙarfi ba ma, irin ta yagewar tsohon zane. Gaban ya bi sarƙa, bayan ya tsaya inda yake. Ta rabu daidai inda zanar tsakiya take, tsakanin ɗakinmu da na yara. Labulena na lilo a taga, ana hango zanen gawayin yara a bango daga titi. Malam ya ɗaga wa direban hannu ya tsaya. Sai ya zauna a ƙasa, a cikin lakar da muka fasa, ya cire hula ya riƙe. Tun da nake da shi ban taɓa ganin kansa ba hula a gaban mutane ba sai ranar.

Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da wuta suka yayyanka ta, suna ƙorafin cewa rabinta tsatsa ce. Mu kuma aka kira amalanken jaki. Aka ɗora turmi da taɓarya, aka ɗora tukwane, aka ɗora katifa. Matan da ke aron rariyata suna tsaye a ƙofofinsu. Na bi bayan amalanken zuwa wani ɗakin haya a cikin gari, kuma ban sunkuyar da kai ba, na dubi kowace a ido har muka sha kwana.

Yaya ya sa an sare bedin, an zuba harsashi, an jera birgi, wato bulo, ya kai gwiwa. Daga nan ya koma Abijan, aka ce kasuwa ta yi masa nauyi. Har yau ginin yana nan a gwiwa, awaki ke kwana a ciki, tumfafiya ta dawo. In na hau kabu-kabu zuwa wajen, nakan ce wa mai babur ya bi ta wata hanyar. Malam yanzu lodin fasinja yake yi a tasha. Bai taɓa ta da maganar ba, kuma duk sallah sai ya kira Yaya ya gaishe shi, ya miƙo mini waya, ni ma in gaishe shi.

Kwanakin baya Baba ya zo Tawa neman maganin ido, ya sauka wurinmu, don ina zai sauka? Ya tsufa ƙwarai, ba ya gani sosai. Na shimfiɗa masa tabarma a jikin bango, na kawo fura. Yana zaune yana lalube, sai hannunsa ya faɗa kan wata tsaga da ke bangon, wadda muka gaji da gaya wa mai gidan. Ya bi ta da yatsa har sama, ya girgiza kai ya ce, "Wanga bango na son yaɓe. Bari kaka ta yi, in turo muku yara."

Malam ya fara cewa, "To, Baba, Allah ya saka da..."

Ban koma bayan labule ba. Na tsaya a gabansa, karo na farko tun da aka kawo ni gidansu, na ce, "Baba, wannan ba namu ba ne, ba a taɓa shi. Namu kun riga kun yaɓe shi."

Malam ya ƙura wa tabarma ido. Baba ya sauke hannunsa daga bangon a hankali, ya ɗora a gwiwa. Can ya ce ko akwai ruwan alwala. Na ɗauko buta na cika, na ajiye masa inda hannunsa zai kai.